Matattarar 'Yan Daudu a Kano: Tarihin Gidan da Ba a Kafa wa Allo Ba

Ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da dokar hana auren jinsi. Abin da ya fi yawo a bakin mutane game da ita shi ne ɗaurin shekara 14 ga duk wanda ya ƙulla irin wannan aure. Amma a cikin sashe na 5 akwai wata gaɓa da ba a cika ambata ba, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya yi wa wata ƙungiya ko kulob na masu neman jinsinsu rajista, ko ya gudanar da ita, ko ya shiga cikinta, ko ma ya tallafa mata. Ke nan dokar ta wuce abin da mutum ya aikata a ɗaka, ta bi shi har inda yake zama da irinsa.

Kalmomin wannan gaɓa sun fi dacewa da irin cibiyoyin da ake da su a Turai da Amurka. Mafi shahara a cikinsu tana birnin Niyok, a wani tsohon ginin makarantar koyon sana'a da ke lamba 208 a kan titi na 13 ta yamma. A watan Disambar 1983 hukumar birnin ta amince ta sayar wa wata ƙungiyar 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo ginin a kan dala miliyan ɗaya da rabi. A shekarar farko kaɗai ƙungiyoyi 60 ne suka riƙa taro a cikinsa. Lokacin kuwa cutar ƙanjamau tana ɗibar samari a birnin kamar annoba, kuma a wannan ginin ne aka kafa ƙungiyar ACT UP a watan Maris na 1987, wadda ta tasa gwamnatin Amurka da kamfanonin magani a gaba har aka hanzarta fitar da magunguna. Idan aka cire siyasa da tutoci, aikin irin wannan cibiya bai wuce abu kaɗan ba: baƙon da ya iso gari ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, wanda aka kora daga gida ya sami mai saurarensa, marar lafiya ya sami mai kai shi asibiti, marar aiki ya ji inda ake nema.

A Kano ba a taɓa yin gini mai allo a ƙofa don wannan ba. Duk da haka an yi shekaru da dama ana gudanar da kusan dukkan waɗannan ayyuka, a gidajen haya na Sabon Gari da gefen ganuwa, da rumfunan abinci na tashoshin mota, a hannun 'yan daudu.

Dole a yi hattara da suna tun daga nan. Ɗan daudu namiji ne da ke yin abin da al'ada ta ware wa mata: girki da sayar da abinci, karairaya, tafa hannu, ɗaura zane a wasu lokuta, da salon magana irin na ƙawaye. Daudanci sana'a ce da matsayi a cikin jama'a, kuma bai zama ɗaya da luwaɗi ba. Da yawa daga cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, suna kuma ɗaukar aure da haihuwa a matsayin wajibin da ke kan kowane namiji Musulmi. Akwai masu neman maza a cikinsu, akwai waɗanda ba su yi. A ɗaya ɓangaren akwai maza masu neman maza waɗanda babu alamar daudanci ko ɗaya a jikinsu, 'yan kasuwa da ma'aikata da direbobi, waɗanda a tsakaninsu ake ce wa masu harka. Abin da ya haɗa su shi ne wuri. Ɗakin ɗan daudu da rumfarsa su ne inda waɗannan duka suke iya haɗuwa ba tare da an tambayi kowa abin da ya kawo shi ba, domin ai ba a tuhumar mutum don ya zo cin tuwo.

Masu bincike sukan danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin manyan iskokin bori, ɗan sarki kyakkyawa mai son ado da caca da ɓarnar dukiya. Daudu kuwa laƙabin Galadima ne tun da daɗewa. A wajen wasan bori, idan wannan iska ya hau, mata masu zaman kansu da 'yan daudu sukan yi masa hidima, su yi rawa, su yi liƙi. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin bori a Kano a farkon shekarun 1970, ya tarar da 'yan daudu a matsayin mutanen da ba a rasa su a irin wannan taro, ko da ba a yi musu girka ba. Bori dai tun jihadin 1804 ya sauka daga fada. A Alƙalawa, kafin faɗuwarta, Inna ta Gobir mace ce mai iko da ke shugabantar bori a matsayin sarautar ƙasa. Bayan kafuwar Daular Sakkwato sai ya koma gefe, hannun zawarawa da karuwai da talakawa da duk wanda gari bai ba shi wurin zama a tsakiya ba. Abin da ya tsira daga fadar shi ne tsarin: shugaba mace, muƙarrabai, makaɗa, ranar taro, da gidan da kowa ya sani.

Wannan gida shi ne gidan mata. Renée Pittin, wadda ta zauna a Katsina daga 1971 zuwa 1973, ta bayyana yadda irin waɗannan gidaje suke: ɗakuna a jere, kowace mace da nata, mafi yawansu zawarawa da suka gudo daga auren da ba su so ko suka ƙi komawa gidan iyaye, a ƙarƙashin magajiya mai sasanta rigima da wakiltar su a gaban hukuma. Ɗan daudu yana da gurbi a wannan gida. Shi ne mai kai saƙo tsakanin mace da mai nemanta, aikin da ake kira kawalci. Shi ne mai fita kasuwa, mai raka baƙo, mai dafa abincin sayarwa a ƙofar gida. Yana shiga inda namiji ba ya shiga, yana kuma fita inda mace take jin nauyin fita. Gerald Kleis da Salisu Abdullahi, a nazarin da suka wallafa a 1983 kan Kano, sun ga cewa wannan tsaka-tsakin shi ne jarin ɗan daudu.

Batun abinci ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ginshiƙin komai. A birnin da matan aure suke cikin kulle, abincin sayarwa yana fitowa ne ta hannun yara masu talla, su kuwa yara ba su kai wa tsakar dare a tasha. Ga shi Kano ta cika da mazan da ba su da mai dafa musu: 'yan cirani, direbobin manyan motoci, 'yan dako, fatake, ɗalibai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka domin baƙi, cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya kuɗin mai ya zo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara yawan bakin da ke neman tuwo da shinkafa da soyayyen kaza bayan isha'i. Namijin da ya iya girki kamar mace, kuma ba a kulle shi, ya sami kasuwar da ba mai yi masa takara sosai. Har a gidajen masu hali, idan biki ya tashi ana buƙatar tukwane goma a kan wuta, 'yan daudu ake kira. Mutumin da zai tsine musu da rana shi ne zai aika a sayo masa dambun nama a wurinsu da dare, kuma bai ga wani saɓani a cikin haka ba.

Rumfar abinci tana buƙatar hannaye, a nan ne ta zama mafaka. Yaron da ya taso a ƙauye, a ce can yammacin Zamfara wajen Anka ko Gummi ko Bukkuyum, wanda tun yana ƙarami ake dukansa don ya fi son zama wajen murhu da tafiya gona, ba shi da inda zai ɓuya a garin da kowa ya san kakansa. Idan ya shiga mota ya sauka a babbar tasha, abin da zai nema shi ne rumfar da ya ga irinsa. Babban ɗan daudu ya karɓe shi, ya ba shi wanke-wanke da wurin kwana, ya koya masa girki da ciniki. Daga ranar ana kiran babban uwa, shi kuma 'ya. Sa'o'insa su ne ƙawaye. Rudolf Gaudio, masanin harshe da ya fara zama da 'yan daudun Kano a farkon shekarun 1990, ya nuna cewa waɗannan sunaye suna ɗauke da haƙƙi na gaske. Uwa tana ciyarwa, tana tsawatarwa, tana belin 'yarta idan 'yan sanda sun kama ta, tana kuma sa ran biyayya da aiki. Idan 'ya ta ƙware, uwa ta haɗa mata jari ta buɗe nata wurin. Ba a rasa zalunci a ciki ba, kamar kowace dangantakar ubangida da bara: akwai uwayen da suka ci gumin yara, akwai yaran da aka jefa cikin abin da ba su zo nema ba. Amma ga wanda danginsa suka yafe shi, wannan ne kaɗai dangin da ya rage.

Asusun wannan jama'a shi ne adashi da biki. Ɗan daudu yakan sa ranar biki ko ajo, ya raba goron gayyata har garuruwa masu nisa, a kira makaɗa, ƙawaye su zo daga Zariya da Katsina da Jos da Sakkwato. Kowa ya ba da gudummawa a bainar jama'a, maroƙi ya faɗi adadin, a riƙe shi a ka, domin bashi ne da za a biya ranar bikin mai bayarwa. Da kuɗin da aka tara ake yin jari, ko aure, ko biyan kujerar Makka. Hanyar Saudiyya ta zama babbar ƙofa tun daga shekarun 1970. 'Yan daudu da yawa sun zauna a Jidda da Makka suna sayar da abinci ga alhazai da 'yan Afirka mazauna can, wasu ba da takardun zama ba, har a kamo su a dawo da su. Sukan dawo da laƙabin Alhaji, da haƙorin Makka, da 'yar Larabcin da suke yi wa juna ado da ita a zance.

Harshen ma wani ɗaki ne. Gwanintar 'yan daudu a habaici da karin magana sananniya ce, har matan aure sukan ɗauki salo a wurinsu. Ban da wannan akwai yaren harka, inda kalmomin yau da kullum suke ɗaukar wata ma'ana ta biyu, yadda mutum biyu za su gama maganarsu a gaban na uku bai san an yi ba.

Yaya aka yi birni mai malamai kamar Kano ya zauna da wannan? Ba don an halatta ba. Hukuncin luwaɗi a fiƙihun Malikiyya a bayyane yake, hadisin da ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata kuma yana cikin Buhari, kowane almajiri ya san shi. Sai dai malaman da suka gabata sun yi bayani mai zurfi fiye da yadda ake ji a wa'azin kasuwa. A Madina an san mukhannasai tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya bambanta wanda aka halitta da wannan ɗabi'a, wanda bai ɗora masa laifi a kanta ba, da wanda ya ƙirƙire ta da gangan. 'Yan daudun Kano ba su karanta Nawawi ba, amma amsar da suka saba bayarwa idan an zarge su ta yi kusa da wannan, ita ce kuma Gaudio ya sa wa littafinsa na 2009 suna da ita, Allah Made Us, wato Allah ne ya yi mu. Ba su ce abin da suke yi daidai ne ba. Suna salla, suna azumi, suna fatan shiriya kamar kowa. Ita kuma shari'a ta gindaya sharuɗɗan shaida masu tsanani, ta hana bin diddigin asirin mutane. Tsakanin wannan da ɗabi'ar Bahaushe ta kunya da kawaici sai aka sami wani zama da ba a rubuta ba: kada ka faɗa, ba za a tambaye ka ba. Cibiyar Niyok ta rayu ne da bayyana kanta. Ta Kano kuwa ta rayu da rashin suna, kuma duk ranar da aka kira sunanta da ƙarfi, ranar ce take shiga uku.

An sha kiran sunan. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari a sashe na 405, ya kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14 ga saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a a sashe na 284. Alhaji Aƙilu Aliyu ya yi waƙa sukutum yana yi wa ɗan daudu tatas, kamar yadda ya yi wa karuwa. Idan damina ta yi gardama, kamar a farin shekarun 1970, hukumomin gargajiya a garuruwa da dama sukan ba mata masu zaman kansu wa'adi su yi aure ko su bar gari, a watse gidajensu, 'yan daudu su bi su. Amma korar ta kasance kamar ta kaka da rani. Ruwa ya sauka, a manta, a dawo. 'Yan siyasa ma suna da buƙatarsu, domin tun zamanin NEPU da NPC gidajen mata ne suke cika filin taro da masu rawa da guɗa, a lokacin da matan aure ba su fita.

Abin da ya faro daga Gusau ya bambanta da wannan. Ranar 27 ga Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Zamfara a gaban taron da garin bai taɓa ganin irinsa ba, ta fara aiki a watan Janairun 2000. An rufe mashaya da gidajen karuwai da gidajen caca da silima. Sabon kundin jihar ya tanadi bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya ga wanda bai taɓa aure ba idan an same shi da luwaɗi, da jefewa ga wanda ya taɓa. Jihohi 12 suka bi wannan hanya. Kano ta ƙaddamar da tata a watan Yunin 2000 a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta kuma yi dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala wadda ta ambaci namiji mai kwaikwayon ɗabi'ar mata kai tsaye, da hukuncin ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira 10,000. A 2003 aka kafa hukumar Hisba da doka. Talakawan da suka yi maraba da shari'a suna da dalilansu masu ƙarfi, bayan shekaru na mulkin soja da cin hanci da kotunan da ba su jin kukan marar kuɗi. Sai dai babban ɓarawon gwamnati yana da wuyar kamawa, gidan mata kuwa kowa ya san ƙofarsa.

Masu gidajen haya suka fara korar 'yan daudu don tsoron abin da zai biyo baya. Bikin da ake yi a fili da kiɗa ya koma ɗakin otal ko ya mutu. Wasu suka nufi Abuja da Jos da Legas, wasu suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Maraɗi. Can ma wutar ta bi su: a watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, masu tarzoma a Maraɗi sun ƙona mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, suka kuma kai hari gidan Iya, shugabar bori ta garin. A Kano ɗan daudu ya koma abin dariya a fim, kamar a Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa, yayin da na gaske yake koyon tafiya da magana irin ta sauran maza kafin ya fita titi.

Har yau ba a jefe kowa a Nijeriya a kan wannan laifi ba, ko da yake kotuna sun yanke hukuncin, kamar yadda wata kotun shari'a a Ningi ta yi wa mutum uku a 2022. Abin da ake yi a kai a kai shi ne kamen taro. A Bauchi an kama mutum 18 a wani otal a watan Agustan 2007, tuhumar da ta fara da luwaɗi ta ƙare a shigar mata. A Zariya an kama 53 a watan Afrilun 2017. Hisbar Kano ta kama 19 a watan Disambar 2022, jami'an tsaron farin kaya kuma suka kama 76 a Gombe a watan Oktoban 2023. Kusan kowane lokaci sanarwar hukuma takan ce an kama su ne a wajen auren jinsi, waɗanda aka kama kuma sukan ce bikin zagayowar ranar haihuwa ne ko walima. Duk wanda ya san tarihin ajo zai gane fasalin taron: gayyata, ado, kiɗa, liƙi, baƙi daga wasu garuruwa. Abin da kakanni suka sani da sunansa na Hausa, yanzu an sa masa sunan da aka aro daga muhawarar Amurka, kuma da wannan sunan ake hukunta shi.

Watsewar ta zo a mummunan lokaci ta fuskar lafiya. Binciken da gwamnatin tarayya take gudanarwa a kan rukunonin da suka fi fuskantar haɗarin ƙanjamau ya nuna cewa a cikin maza masu neman maza, masu ɗauke da ƙwayar cutar sun kai kashi 13.5 cikin ɗari a 2007, suka hau 17.2 a 2010, suka kai 22.9 a 2014, alhali a tsakanin sauran jama'a adadin yana sauka. Wani nazari da aka yi a wani asibiti a Abuja, aka wallafa a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa masu tsoron zuwa neman magani a cikinsu sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari bayan sa hannu a dokar 2014. A arewa, inda yawancin waɗannan maza suke da mata a gida ko suke shirin yi, cutar ba ta tsayawa a kansu. Ma'aikacin lafiya da yake son isa gare su a da yana iya zuwa wurin uwa ɗaya ya sami mutum talatin. Yanzu tara mutum talatin ɗin a ɗaki ɗaya yana iya zama laifin shekara 10, ga su da shi.

Wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ta karɓi wani ɓangare na aikin. Haɗuwar da ake yi a rumfar tuwo ta koma 2go, daga baya Facebook da WhatsApp. Amma waya ba ta da magajiya. A tsohon tsari baƙo ba ya shiga sai wani ya san shi, idan kuma ya yi cuta akwai wadda za a kai ƙara wurinta. A intanet kuwa wani sabon nau'in fashi ya bunƙasa, wanda ake kira kito: a yaudari mutum zuwa wani ɗaki, a yi masa duka, a ɗauki hotonsa, a riƙa karɓar kuɗi a hannunsa da barazanar aika wa danginsa. Ba ya iya kai ƙara, domin ƙarar kanta ikirari ce.

Girkin dai bai mutu ba. A tashoshin Kano da na sauran biranen arewa har yanzu akwai rumfunan da maza ke tuƙa tuwo da suyar kaji, ana kuma kiran su aikin biki. Yawancinsu sun daina ɗaura zane a waje, sun rage tafa hannu, kuma idan yaro ya sauko daga motar ƙauye ya tsaya a bakin rumfa yana neman aikin wanke-wanke, mai rumfar yakan daɗe yana dubansa kafin ya ce masa ya shigo.